Silikon ba bushewa yake yi ba, danshi yake sha

Yau ba maganar zaɓe za mu yi ba, ba kuma ta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba. Yau maganar gam za mu yi. Eh, gam, wannan silikon ɗin da ake ɗora wa bindiga a matsa a gefen gilashin taga ko a kan ƙusar kwano. Na san wani zai ce abin magana ne ya ƙare min. To ku ɗan ba ni aron kunnenku, domin wannan gam ɗin ya taɓa sa an kira ni gaban dattawa a kan kuɗin jama'a.

Damina biyu da suka wuce, mu matasa mun yi karo-karo don gyara rufin wani ɗakin shan magani a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Rogo. An sa masa sola, kuma duk inda aka huda kwano don ɗaure ƙarfen fanel, ruwa na bi ta nan ya ɗiga daidai ɗakin da mata ke haihuwa. Ni aka tura Kano, na bi ta hanyar Gwarzo na je Kofar Ruwa na sayo gora 6. A watan Agusta muka hau rufin, mutum uku, kowa da bindigarsa. Da aka tashi aiki mun ƙarar da 3, an buɗe 2 an ci kamar rabi-rabi, ɗaya kuma ba a taɓa ta ba. Na cusa wa buɗaɗɗun ƙusa a baki kamar yadda na ga kowa na yi, na kai su shagon kwantena na wani abokinmu, na rubuta a littafi cewa akwai saura.

Da ruwan farko na shekara mai zuwa ya sauka, aka kira mu cewa wani gefen ya sake ɗiga. Na ce ai babu damuwa, muna da kaya a ajiye. Na je na ɗauko. Guda biyun nan sun zama kamar guntun tayar mota, matsi har bindiga ta lanƙwashe ko ɗigo bai fito ba. Ta ukun da ba a buɗe ba ta fito, amma muka shafa, kwana biyu tana nan jagwab kamar man shafawa, ta ƙi kamawa. Littafi ya ce akwai kaya, kaya kuma babu. Wani dattijo da ya ba da gudummawa ya dube ni a wurin taro ya ce, "Ɗan nan, kai ne fa mai digiri a cikinsu. Ko dai tun farko jabu ka sayo ka riƙe canji?" Ban riƙe ko sisi ba, amma a ranar ban da amsar da zan ba shi, domin ni kaina ban san abin da ya faru ba.

Amsar na samo ta ne daga wuri biyu, daga rubutun da ke jikin gorar wanda ban taɓa tsayawa na karanta ba, da kuma wani tsohon mai aikin tagogin alminiyam a garin Karaye. Da na kai masa gorar ya juya ta ya ga ƙusar, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wa ya ce maka ƙusa murfi ce?" Na ce, "Baba, ai kowa haka yake yi." Ya ce shi ya sa kowa yake sayen sabo.

Ga inda muka yi kuskure tun daga tushe. Mu a tunaninmu silikon bushewa yake yi, irin yadda fenti ko kunu yake bushewa idan ruwan jikinsa ya tashi. To ba haka ba ne, akasin haka ma abin yake. Silikon danshin da ke cikin iska yake jira. A cikin gora, an haɗa shi da wani sinadari da ke nan kwance muddin babu ruwa. Da zarar laimar iska ta taɓa shi, sinadarin ya tashi aiki, ya fara ƙulla zaruruwan gam ɗin da juna har su zama roba. Wannan warin mai tsami da ke shiga hanci idan ana matsa irin wanda aka fi sayarwa, warin ruwan khal ne, kuma shi ne abin da gam ɗin ke fitarwa a lokacin da yake haɗuwa da danshi. Wato idan ka ji warin, aiki ya riga ya fara. Kuma hanya ce ta zuwa kawai babu dawowa. Fentin da ya yi kauri ana iya sirka shi da tina, amma silikon da ya zama roba, ko fetur, ko kananzir, ko ruwan zafi, babu mai mayar da shi gam.

Abin dariyar shi ne asalinsa ma daga yashi ne. Sinadarin silikon daga farin yashi da dutsen ƙanƙara ake fitar da shi. Wani masanin sinadarai a Ingila, Frederic Kipping, shi ya raɗa wa abin suna a 1901, kuma sai a 1940 wani Ba'amurke, Eugene Rochow, ya gano hanyar haɗa shi da yawa a masana'anta. Yashi dai muna da shi cike da kogin Challawa, gam ɗin kuma da dala ake shigo da shi ko kayan haɗa shi, shi ya sa tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kowace gora ta zama abin lissafi. Amma wannan hirar wata rana ce.

Kamawar tasa daga waje take farawa ta shiga ciki. Fatar sama takan kama cikin mintuna kaɗan, daga nan kuma yana cin kamar milimita 2 zuwa 3 a kowace awa 24, idan zafi ya kai digiri 23 laimar iska kuma ta kai rabi. Kamfanoni da wannan ma'aunin suke rubuta lissafinsu. Mu kuma a nan yammacin Kano kusan ba mu da irin wannan ranar. A watan Agusta iska cike take da ruwa, ka shanya riga ta kwana ba ta bushe ba. A watan Janairu kuwa, cikin hunturu, leɓe na tsagewa saboda babu laima ko kaɗan. To gorar da ka buɗe a Agusta ta fi saurin mutuwa nesa ba kusa ba a kan wadda ka buɗe a Janairu. Haka kuma idan ka yi aiki cikin hunturu ka ga gam ya daɗe bai kama ba, kar ka yi saurin zagin mai shago, iskar ce ba ta da abin da za ta ba shi. Matsalar ita ce yaushe muke buɗe silikon? Sai ɗaki ya fara ɗiga. Wato daidai lokacin da ya fi saurin lalacewa.

Akwai wani abu kuma da ya ba ni mamaki. Na ɗauka idan bakin ya toshe da gam ɗin da ya daskare, ai shi kenan ya zama murfi, na ciki ya tsira. Ashe robar silikon tana hana ruwa wucewa, amma ba ta hana tururin ruwa. Laima na ratsa ta a hankali. Don haka toshewar bakin tana rage gudun lalacewar ne kawai, ba ta tsayar da ita. Yau santimita ɗaya, wani makon biyu, a haka har ta cinye tsinin ta shiga cikin gorar. Ita kuwa ƙusa, ku duba da kyau. Bakin an yanka shi a karkace, ƙusa kuma zagayayya ce, dole a sami kafa a gefe. Ga shi tsamin nan na cin ƙarfe, sai ta yi tsatsa ta ɓata farin gam ya koma ja. Salatif ɗin takarda da wasu ke naɗawa shi ma iska na ratsa shi kamar babu.

To me Baba yake yi? A gabana ya gama sa gilashin wata taga. Abu na farko, ya danna ɗan ƙarfen bayan bindigar ya saki matsin, ya cire gorar daga ciki. Yawancinmu mukan jingine bindigar da gorar a ciki, gam yana ta tsiyaya, ko kuma mu ja baya da ƙarfi iska ta shiga. Sai ya kwance tsinin gaba ɗaya, domin yawancin manyan gororin nan masu cin mililita 280 zuwa 310 tsininsu ɗaurawa ake yi da zare kamar murfin jarka. Ya goge bakin gorar tas da tsumma busasshe, ya ɗan tura gam ɗin da sanda ta baya har ya cika bakin fal babu ramin iska. Sannan ya ɗauko ledar madarar gari, irin mai ƙyalli a ciki, wankakkiya busasshiya, ya yanki ɗan fili ya shimfiɗa a kan bakin, ya mayar da tsinin ya ɗaure a kanta tamau. Shi kenan. Ya ce ledar biredi ma tana yi idan an ninka ta biyu ko uku, amma mai ƙyallin ta fi, kuma gaskiyarsa, domin wannan ƙyallin siririn alminiyam ne, laima ba ta ratsa shi. Dalilin da ya sa ake zuba madara a ciki ke nan tun farko.

Na ce, "To Baba, wanda ya rage a cikin tsinin fa?" Ya ce a bar shi ya mutu, ai nasa ya ƙare. Silikon ba ya kama irin robar da ake yin tsinin da ita, don haka idan ya daskare sai ka kwance, ka tura shi da waya daga siririn bakin, ya fito ɗungurungum kamar ɗan karas, tsininka ya dawo sabo. Yana da gwangwani cike da tsofaffin tsinaye da ya tsaftace a haka, bai taɓa yar da ko ɗaya ba.

Idan kuma ka sami irin gorar da tsininta a haɗe yake ba ya kwancewa, sai ka matso ɗan gam ya leƙo waje kamar ƙwayar wake, ka rufa masa leda, ka ɗaure da robar tayar keke ko ka naɗe da baƙin salatif na masu wayarin, naɗi sosai har ƙasa. Wasu suna ɗiga kakin kyandir a kai, wasu suna cusa basilin. Duk suna yi, sai dai mai basilin ya tuna ya matsar da na farkon ya zubar kafin ya fara aiki, domin silikon ba ya kama wuri mai maiƙo. In ma dole sai ka cusa ƙarfe, to sukuru ya fi ƙusa, ba don yana hana iska ba, sai don ranar da za ka buɗe zarensa zai riƙo daskararren ka fizgo shi da filaya. Amma a rufe shi da leda duk da haka.

Gindin gorar ma ƙofa ce, kuma ita kowa ke mantawa. Wannan faifan da bindiga ke turawa ba a like yake ba, zamewa yake yi, laima kan lallaɓa ta gefensa. Na ga gorar da bakinta lafiya lau amma ta daskare daga baya. Leda ɗaya da robar ɗaure kuɗi sun isa a rufe nan ɗin.

Yanzu sai inda za a ajiye, kuma a nan ne na kashe gorar nan ta uku da ko buɗe ta ba a yi ba. Ku duba jikin kowace gora, za ku ga an ce a ajiye a wuri mai sanyi, yawanci ƙasa da digiri 25 ko 30. Mu kuwa a watan Afrilu zafin inuwa ma yana kai 40, balle cikin kwantena da rana ta dake ta tun safe. Zafi yana tsufar da sinadarin da ke sa gam ɗin ya kama. Ga kuma wa'adi, domin yawancinsu wata 12 ne daga ranar da aka yi su, wasu 18, kuma ana buga kwanan watan a gindi ko a kafaɗar gorar. Ni ban duba ba ranar da na saya, ban san watanni nawa ta yi a kasuwa kafin ta zo hannuna ba, sannan na ƙara mata bazara guda a cikin ƙarfe. Silikon da ya tsufa iri biyu yake mutuwa. Ko dai ya daskare a ciki, ko kuma ya fito da laushinsa kamar lafiyayye amma ya ƙi kamawa har abada. Na biyun ya fi mugunta, domin sai ka gama aiki ka sauko, sannan ka koma kankare shi, kuma sabo ba zai zauna a wurin ba sai ka goge maiƙon tas. Shi ya sa yanzu duk gorar da ta kwana biyu, sai na matsa kaɗan a kan kwali tun daren jajibirin aiki. In da safe ya zama roba, mu hau. In yana nan yana bin yatsa, ba za mu ɓata ranarmu ba.

Wuri mafi kyau da na samu shi ne ƙasan ɗakin ƙasa, can lungu inda rana ba ta kaiwa, a cikin tsohon bokitin fenti mai murfi da ke kamawa. Ba but ɗin mota ba, ba ƙarƙashin kujerar babur ba, ba saman katanga dab da kwano ba. Wani abokina ya ce ai gindin randa ya fi ko'ina sanyi a gida. Haka ne, amma randa da me take sanyaya ruwa? Da tsattsafowar da take yi ta jikinta. Wato wurin da ya fi ko'ina danshi ke nan, ka kai kaza gidan muzuru. Masu firji kuma, sanyi na rage gudun lalacewar sosai, wannan gaskiya ne. Amma da irin wutarmu, firjin da ke yin sanyi yau gobe ya narke, gumi kawai zai riƙa tara wa gorar. Wanda ke da sola mai tsayawa zai iya, a ƙulle cikin leda nesa da abinci, kuma in ya fito da ita ya bari ta huce kafin ya buɗe, don raɓar da ke taruwa a jikinta kar ta shiga ciki. Ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko robar magani, aikinsu shan laima ne, a jefa su cikin bokitin in sababbi ne. Wanda ya yi damina a waje ya riga ya ƙoshi.

'Yan uwana makanikai da masu injin ban ruwa, musamman na gefen dam ɗin Challawa da aka gama a 1992 wanda noman rani ya dogara da shi a Karaye, naku ɗan ƙaramin ne mai kama da man goge baki, ja ko baƙi ko ruwan toka, na gaskit. Dangi ɗaya ne, dokarsu ɗaya. A matso daga ƙasa ana naɗewa, a bari gam ya cika baki kafin a rufe, a goge zaren murfin, domin busasshen da ke maƙale a zaren shi ke hana murfi zama. Kuma kar a bar shi cikin akwatin kayan aiki a bakin ruwa rana na dukansa. Tunda mun zo nan, kar a shafa shi inda fetur ke kwanciya kamar kafireto, fetur na kumbura shi ya saki.

In kuwa aikin gama ya gama, ka ɗauko gora ka ji ta toshe, kar ka yi saurin jefarwa. Kwance tsinin ka soka waya. Sau da yawa santimita biyu ko uku ne suka mutu, ƙasansu lafiya. Ka ƙwaƙule da sukuru. Idan ya yi nisa, tsaga gorar da wuƙa ta gefe, ka ɗebi mai ran da sikirafa ka yi aiki da shi a ranar, domin daga nan babu sauran ajiya. Da na san wannan, da wataƙila na ceci wani abu daga biyun nan, amma haushi ya sa na jefa su a bola a ranar.

Sai dai in faɗa muku gaskiya, duk wannan dabara kwana take ƙarawa. Gorar da aka buɗe, aka rufe ta yadda ya kamata, za ta iya kai makonni, wani lokaci 'yan watanni in an dace da hunturu. Ba na yarda in rubuta ta a littafi a matsayin kayan shekara mai zuwa. Babban kuskurenmu ma ba a ajiya yake ba, a kan rufin yake, lokacin da mutum uku kowa ya fasa tasa. Da mun bi da bindiga ɗaya ko biyu, da gora 4 muka ƙarar, biyu suna nan da hatiminsu na kamfani, wanda babu ledar da ta kai shi.

Akwai kuma abin da Baba ya nuna min da ya fi ƙona min rai. Ya shinshina tsohuwar gorar ya ce, "Wannan ka sa wa kwano?" Mai warin khal ɗin nan na gilashi ne da tayil. A kan kwano mai rufin zinki, ko tagulla, tsaminsa cin ƙarfen yake yi, kuma ba ya kama siminti da kyau. Na kwano da siminti da ƙarfen sola shi ne wanda aka rubuta wa "neutral" a jiki, ba shi da wannan warin mai tsami, ya ɗan fi tsada. Ɗigar da aka kira mu a kanta, da na hau na duba, tsatsa ce ta zagaye gam ɗin da muka sa da hannunmu. Haka kuma wanda aka yi don banɗaki akwai maganin kashe fumfuna a cikinsa, kar a liƙe cikin tankin ruwan sha da shi.

Na koma wurin dattijon nan da sabuwar gora a hannu, na nuna masa kwanan watan da ke gindinta, na faɗa masa inda na yi kuskure ɗaya bayan ɗaya, na kuma biya kuɗin guda ukun daga aljihuna. Bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya ce in rubuta ranar buɗewa a jikin kowace gora da maka, in kuma rubuta a littafi. Haka muke yi yanzu. Kuma duk ranar da za mu fasa gora, tun da safe ake sanarwa a zaurenmu na WhatsApp, mai taga mai ɗiga ko mai bahon da ya tsage ya yi magana. Ranar Asabar ɗin da ta wuce, rabin da ya rage daga tagogin wata islamiyya a Karaye ya liƙe gilashin shagon mai aski, da akwatin batirin solar wani mai cajin waya, sauran kuma ya ƙare a tagar ɗakin wata gwaggona kafin la'asar.